Idan aka ce wa kotu ba ta da hurumi, wa zai raba gardamar?

Nafi'u: Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga lauyoyin da ke cikin wannan zaure. Kullum a labarai za ka ji lauyan wanda ake ƙara ya miƙe ya ce kotu ba ta da hurumin sauraren ƙarar, sai alƙali ya ɗage zama ya ce zai yanke hukunci a kan haka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, alƙalin da aka ce ba shi da iko, shi ne kuma zai faɗi ko yana da ikon? Idan da gaske ba shi da shi, da wane iko zai yi magana? Ba cewa ake yi mutum ba ya alƙalanci a shari'ar da ta shafe shi ba?

Barista Hauwa: Wa alaikumus salam, Nafi'u. Tambayarka tsohuwa ce, kuma ta yi ma'ana. Abin da kusan kowane tsarin shari'a ya tsaya a kai shi ne, kowace kotu tana da ikon duba ko maganar da aka kawo gabanta tata ce ko ba tata ba. Dalilin a fili yake. Da a ce da zarar wanda ake ƙara ya ce "ba ku da iko a kaina" sai kotu ta naɗe hannu, da babu wanda za a taɓa gurfanarwa sai wanda ya ga dama. Kotun Duniya da ke birnin Hague ma an rubuta mata wannan ƙarara: sashe na 36, sakin layi na 6 na dokar da ta kafa ta ya ce idan aka yi jayayya kan huruminta, ita za ta raba gardamar.

Maganar alƙalanci a kan kai kuwa ba ta shigo nan ba, domin alƙali ba ya cin riba ko asara idan ƙarar ta tsaya a gabansa ko ta koma wata kotu. Kuma idan ya yi kuskure, akwai ɗaukaka ƙara.

Abin da yake dubawa ba son ransa ba ne. A Najeriya misali, tun shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 aka jera abu uku. Shin kotun ta zauna yadda doka ta ce, da adadin alƙalan da ake buƙata kuma waɗanda suka cancanta? Shin irin wannan magana tana cikin abin da doka ta ba ta? Shin ƙarar ta shigo ta hanyar da aka tsara, an cika sharuɗɗan da ake cikawa kafin a shigar da ita? Idan ɗaya ya faɗi, komai kyan shari'ar da aka yi, ta tashi a banza.

Injiniya Bashir: Barista, a ƙananan kotuna na yarda, akwai na sama da zai gyara. To kotun da babu kowa a samanta fa? Kuma idan mutum bai ce "wannan ƙarar ba taku ba ce" ba, ya ce "ku kanku haramtattu ne, wanda ya kafa ku ba shi da ikon kafa ku", shi ma su za su amsa?

Barista Hauwa: An yi haka, Injiniya. Kotun da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa a 1993 don laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya, mutumin farko da ta yi wa cikakkiyar shari'a shi ne Dusko Tadic, kuma abin da lauyoyinsa suka ce ke nan, wai Kwamitin Sulhu ba shi da ikon kafa kotu. Alƙalan matakin farko suka ce su ba za su binciki wanda ya kafa su ba. Da aka ɗaukaka ƙara, a watan Oktoba na 1995, ɓangaren ɗaukaka ƙara ƙarƙashin Mai shari'a Antonio Cassese ya ce a'a, dole kotu ta iya duba halascin kafuwarta, in ba haka ba sunan kotu kawai take amsawa. Suka duba, suka ce an kafa ta daidai.

Na san abin da za ka ce: ina ka taɓa ganin kotun da ta rushe kanta? Ban musa ba, wannan rauni ne na gaske. Amma sun rubuta hujjojinsu filla-filla, duniya ta karanta, masana suka yi ta sukar wasu suna yabon wasu. A wurin kotun da ba ta da na sama, wannan shi ne takunkumin da ya rage, kuma ni na fi son kotun da za ta amsa tambayar a bainar jama'a a kan wadda za ta ce ba a tambayarta.

Malam Ɗahiru: Allah ya saka da alheri, Barista. Bari in ƙara da cewa malaman fiƙihu ba su bar wannan babi ba. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya yi bayani a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa naɗin alƙali yana iya zama gamamme, yana iya zama keɓantacce. Shugaba yana iya naɗa alƙali a kan wani ɓangare na gari kawai, ko a kan wani nau'in shari'a kawai. Idan ya yi hukunci a wajen abin da aka naɗa shi a kai, hukuncin bai zartu ba, ko da kuwa ya dace da gaskiya. Saboda ikon ba daga iliminsa ya zo ba, daga naɗin ya zo. Don haka wanda ya ce wa alƙali "wannan ba naka ba ne" bai yi rashin ladabi ba, matuƙar da gaskiya ya faɗa.

Hajiya Rabi: Matuƙar da gaskiya ya faɗa, Malam. Nan ne gizo ke saƙar. Ni ba lauya ba ce, amma abin da nake gani shi ne masu ƙarfi sun mayar da wannan abu makamin ɓata lokaci. A shigar da ƙara yau, gobe a ce babu hurumi, alƙali ya ce akwai, a ɗaukaka, a sake ɗaukakawa har Kotun Ƙoli, ita kuwa ainihin maganar ko shaida ɗaya ba a saurara ba. Kafin a dawo wasu shaidun sun rasu, mai ƙara ya talauce. Wanda ba shi da kuɗin lauyan da zai bi shi hawa uku, ya zai yi? Ku lauyoyi ku faɗa mana gaskiya, wannan adalci ne?

Barista Kabiru: Hajiya, ciwon da kika faɗa gaskiya ne, amma ina roƙon kada a yi maganinsa da abin da ya fi shi muni. Hurumi shi ne iyakar da ke tsakanin hukuncin kotu da umarnin mai ƙarfi. Alƙalin da ya ɗaure mutum ko ya ƙwace masa dukiya ba tare da doka ta ba shi ikon haka ba, da me ya bambanta da wani da ya sa rigar alƙalai ya zauna? Shi ya sa aka ce ana iya tayar da maganar a kowane mataki, ko a karon farko a kotun ƙarshe, kuma alƙali da kansa yana iya tayar da ita ko babu wanda ya ambata. Alƙalin Ingila Lord Denning ya faɗi ma'anar a shari'ar Macfoy ta 1961, cewa ba ka ɗora gini a kan babu ka sa ran zai tsaya.

Dubi Amurka. A 1804, a shari'ar Capron da Van Noorden, mai ƙara da ƙafarsa ya kai ƙara kotun tarayya, ya sha kaye, sannan ya ɗaukaka ƙara ya ce kotun da shi ya zaɓa ba a nuna tana da hurumi ba. Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya ta soke hukuncin. Kowa ya ji zai ce wannan wayo ne, kuma wayon ne. Amma kotun ta ga cewa barin kotunan tarayya su riƙa shiga abin da kundin tsarin mulki bai ba su ba, ya fi wayon mutum ɗaya haɗari.

Barista Hauwa: Barista Kabiru, a kan tushen maganar ba mu da saɓani. Inda muka rabu shi ne abin da ake cusawa a cikin wannan buhu. Misali biyu.

Na farko, shari'ar Okafor da Nweke ta 2007. Kotun Ƙolin Najeriya ta ce takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, ba da sunan lauya ɗaya da ke cikin rajista ba, ba takarda ba ce. Aka sake tabbatar da haka a 2012. Daga nan ƙararraki da aka yi shekaru ana yi suka riƙa faɗuwa, saboda takardar da aka buɗe su da ita an sa mata hannu ba daidai ba. Faɗa mini, wane haƙƙin wanda ake ƙara aka taka a nan? Ya san wanda ya kai shi ƙara, ya san abin da ake nema, ya kare kansa. Kuskuren lauya ne, amma wanda ya ɗauki lauyan shi ke kwana a ciki.

Na biyu ya fi nauyi. Shari'ar tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, an fara ta a 2007, aka yanke masa ɗaurin shekara 12 a Disambar 2019. A watan Mayun 2020 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Ude Udeogu, wanda aka yanke musu hukunci tare, ya ɗaukaka, ta soke shari'ar baki ɗaya ta ce a sake. Dalili? An ɗaga alƙalin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kafin ya gama, ya dawo ya ƙarasa bisa sashe na 396, ƙaramin sashe na 7, na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, kotun kuma ta ce wannan sashe ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Ban ce sun karanta kundin ba daidai ba. Ina cewa tsarin da zai bari a yi shekara 12 ana shari'a sannan a ce ba a yi komai ba, tsarin yana buƙatar gyara, ko wane ne a cikin akwatin tuhuma.

Barista Kabiru: Na farkon na ba ki, ni ma ban taɓa gamsuwa da cewa sa hannu ya kai a rushe shari'a ba. Na biyun kuwa a'a. Shi ne ainihin sharaɗin farko da kika karanto mana da kanki: wa ke zaune a kan kujerar? Ranar da mutum ya yi rantsuwar zama alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya daina zama alƙalin Babbar Kotun Tarayya. Majalisa ba ta iya gyara kundin tsarin mulki da doka ta yau da kullum, komai kyan niyyarta. Idan aka kawar da kai yau saboda mutane suna ganin wanda ake tuhuma ya cancanci hukunci, gobe za a kawar da kai a kan wanda gwamnati ke son ta kulle. Laifin jan shari'ar har shekara 12 kuma ba na hurumi ba ne, na ɗage-ɗagen zama ne da sauya alƙalai. A gyara can.

Nafi'u: Ranku ya daɗe, to idan ɓangarorin biyu sun yarda fa? Mai ƙara da wanda ake ƙara duk suka ce mun amince wannan kotu ta yi mana shari'a, shi ke nan ba?

Barista Kabiru: Ya danganta da irin hurumin, Nafi'u, kuma nan ne ɗalibai suke yawan ruɗewa. Akwai ikon kotu a kan nau'in maganar, akwai ikonta a kan mutumin. Na farkon ba naku ba ne balle ku bayar. Ku biyu ba za ku haɗa baki ku sa kotun da aka kafa don rikicin ma'aikata ta yi shari'ar kisan kai ba. Na biyun kuwa kariya ce da aka yi domin wanda ake ƙara, misali ba a kai masa sammaci yadda ya kamata ba, ko yana wata ƙasa da kotun ba ta da iko a kanta. Tun da tasa ce, yana iya yafe ta, kuma yana iya rasa ta da sakaci.

A Ingila ƙa'idar a tsaye take. Idan kana jayayya da hurumin kotu, za ka amsa cewa takardun sun same ka, sannan ka shigar da buƙatarka cikin kwana 14 a yawancin ƙararraki. Ka bari lokacin ya wuce, an ɗauka ka miƙa wuya. A kotunan tarayyar Amurka ma, idan ba ka tayar da maganar ikon kotu a kanka tun a amsarka ta farko ba, ta wuce, amma ta nau'in ƙara tana nan har ƙarshe.

Injiniya Bashir: To wanda ya ce shi bai ma san da kotun ba, ya ƙi magana ko ya ƙi zuwa? Na karanta cewa Sarki Charles na ɗaya na Ingila haka ya yi a 1649, ya ƙi amsa tuhuma yana tambayar wane iko ya kawo shi gabansu, amma duk da haka aka fille masa kai. Milosevic, tsohon shugaban Yugoslabiya, shi ma a 2001 ya ce kotun laifukan yaƙin Yugoslabiyar nan haramtacciya ce, shari'a ta ci gaba. Kamar dai ƙin amincewa ba ya hana komai.

Dakta Zainab: Ga mutum ɗaya da ke hannu, ba ya hanawa, Injiniya. Ga ƙasa kuwa labarin ya ɗan bambanta, domin Kotun Duniya ba ta da iko a kan ƙasa sai da yardarta, ko ta wata yarjejeniya ko ta sanarwar da ta taɓa bayarwa. Shi ya sa yaƙin farko a can kusan kullum a kan hurumi ake yin sa.

Da Nikaragua ta kai Amurka ƙara a 1984, Amurka ta zo ta yi jayayya, kotu ta ce tana da hurumi a watan Nuwamba, sai Amurka ta janye daga shari'ar a farkon 1985. Kotu ba ta tsaya ba, amma kuma ba ta ba Nikaragua nasara kyauta ba, domin sashe na 53 na dokarta ya wajabta mata, idan ɓangare ɗaya bai zo ba, ta tabbatar da kanta cewa tana da hurumi kuma ƙarar tana da tushe. Ta yanke hukunci a 1986, Amurka ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu da aka nemi a bi shi. Sin ma ta ƙi shiga shari'ar sasanci da Filifin ta kai ta kan Tekun Kudancin Sin a 2013. Masu shari'ar suka ɗauki takardar matsayin da Sin ta wallafa a matsayin jayayya, suka yanke kan hurumi a 2015, suka yanke ainihin maganar a 2016, Sin ta ce ba ta san zancen ba.

Kwatanta da rikicin yankin Bakassi a Kotun Duniya. Kamaru ta shigar da ƙara a 1994, Najeriya ta kawo jayayya guda takwas tun kafin a shiga maganar. A watan Yunin 1998 kotu ta yi watsi da bakwai, ta ce ta takwas ta cuɗanya da ainihin rikicin, sai an saurare su tare. Najeriya ta zauna aka ƙarasa, aka yanke a Oktoban 2002. Lura da abin da aka yi da ta takwas ɗin, domin ya shafi ƙorafin Hajiya Rabi: ba dole ba ne kowace jayayya ta tsayar da shari'a cak.

Barista Hauwa: Dakta, kin kawo ni inda nake son zuwa. Ba ina neman a hana kowa jayayya ba ne, ina neman a tsara lokacinta da sakamakonta, kuma akwai inda aka riga aka yi. Yarjejeniyar Rum da ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, a sashe na 19, ta ce sau ɗaya ake ƙalubalantar hurumi, kafin a fara shari'a ko a farkonta, sai dai in kotu ta ba da izini saboda wani dalili na musamman. A Najeriya dokar 2015 ɗin nan, a sashe na 306, ta hana dakatar da shari'ar laifi don ana jiran ɗaukaka ƙara. Sashe na 285 na kundin tsarin mulki kuma ya ce a shari'ar zaɓe, idan aka tayar da maganar hurumi, a riƙe hukuncin sai ranar hukuncin ƙarshe. Ka ga kotun sama za ta karɓi komai a dunƙule, idan ta ce akwai hurumi ga hukunci a shirye, ba sai an koma farko ba.

Sannan idan mutum ya yi ɓatan kai ya shiga kotun da ba ita ba, me zai sa a kori ƙararsa? A tura fayil ɗin inda ya dace. Sashe na 22 na dokar Babbar Kotun Tarayya ya tanadi haka, dokar tarayyar Amurka ma ta yarda da turawa tsakanin kotunanta. Korar tana kashe mutane ne ta bayan fage, domin kafin su sake shigarwa wa'adin da doka ta ba su ya ƙare.

Barista Kabiru: Turawa na goyi baya ɗari bisa ɗari. Riƙe hukunci sai ƙarshe kuwa ina da ja a kan mayar da shi ƙa'ida ga kowace shari'a. A zaɓe an yi haka ne saboda kwana 180 kacal kotun ke da shi. Amma ki ɗauki mutumin da ke tsare, kuma ko makaho ya shafa ya san kotun ba ta da iko a kansa. Za ki ce ya zauna shekara uku ana sauraren shaidu kafin a gaya masa abin da za a iya gaya masa a mako ɗaya? A bar wa alƙali ya tantance. Wadda ake iya yankewa daga takardar ƙara kaɗai, a yanke ta nan take. Wadda sai an ji shaida, a haɗa ta da shari'ar.

Hajiya Rabi: To idan alƙalin ya yanke nan take ya ce yana da hurumi, mai kuɗin ya sake ɗaukakawa, ba mun koma gidan jiya ba?

Barista Kabiru: Ya ɗaukaka, Hajiya, haƙƙinsa ne. Amma kada ɗaukakawar ta tsayar da sauraren shaidu a ƙasa, a sa wa kotun sama wa'adin da za ta amsa, kuma idan ta ga jayayyar ba ta da tushe ko kaɗan, a ɗora kuɗin ɓata lokacin a kan lauyan da ya kawo ta, daga aljihunsa. A shari'ar sasanci ta kasuwanci akwai makamancin haka a ƙasashen da suka ɗauki dokar koyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1985, wato samfurin dokar da ƙasashe ke kwafa: wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya je kotu, amsar kotun ba a ɗaukaka ta, masu sasancin kuma suna iya ci gaba da aikinsu kafin ta fito.

Barista Hauwa: A kan wannan na sa hannu. Sai dai mutumin naka da ke tsare, a ba shi beli ko a sa ƙararsa a gaban layi, kada a ce ya jira wa'adin da aka yanka wa rikicin kwangila.